"Shi" Ko "Ita": Gardamar Turawa Da Ta Shafe Mu

Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun ya taɓa jin Bayarabe ya kira mace da "he" in yana Turanci, mu kuwa mu yi ta dariya. Ba laifinsa ba ne, domin a Yarbanci kalma ɗaya ce ta namiji da ta mace, alhali mu muna da "shi" da "ita", har da "kai" da "ke" waɗanda Turanci bai rarrabe ba. To, jama'a, wannan 'yar kalma ta daɗe tana ta da ƙura a ƙasashen Turawa.

A shekarar 1850 majalisar dokokin Ingila ta zartar cewa in an ce "he" a cikin doka, har da mace ake nufi. A 1975 wata malamar jami'a a Amurka, Robin Lakoff, ta fito da littafi ta ce harshen Ingilishi yana ƙasƙantar da mata: tun suna yara ake koya musu magana cikin ɗari-ɗari, in sun girma a juyo a ce ba su iya shugabanci ba. A 1980 kuma wasu masana biyu, O'Barr da Atkins, suka buga abin da suka gano bayan sun saurari shaidu a wata kotu ta Amurka. Sun tarar namiji maras muƙami ma haka yake magana, mace likita kuwa ba ta yi. Watau ba zama mace ke kawo abin ba, rashin iko ne.

Mu ma mun gaji wannan hanya ta Ingila. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 da "he" ya kira mai neman shugabancin ƙasa, amma hakan bai hana Remi Sonaiya tsayawa takara a 2015 ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. A duba sashe na 26, inda aka ambaci mace da sunanta: baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan dama. Bakatsine ya auro 'yar Maraɗi, hanya a buɗe take. Ƙanwarsa ta auri ɗan Maraɗi, an rufe ƙofa. A watan Maris na 2022 aka kai gyaran wannan sashe gaban majalisar tarayya, ta ƙi amincewa.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji ana jayayya a kan "shi" da "ita", kada ka ɗauka surutun 'yan boko ne kawai, kada kuma ka tsaya a kan kalmar. Ka tambaya wa doka ta ba dama, wa ta hana. Mu da muke zaman ci-rani mun fi kowa sanin zafin a ce da mutum baƙo a inda ya haifi 'ya'yansa.