Rancen Gama Kai: Maganin Kukan Manomin Jos

Duk ɗan Arewa da ke sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Ikko ko a Sasa ta Badun ya san daga inda dankalin Turawa da kabeji da karas suke fitowa. Yawancinsu daga tsaunukan Jos ne, watau Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, da lambunan da ake shayarwa da ruwan tsofaffin ramukan kuza a kewayen Bukuru. Amma mutumin da ya noma su shi ne ya fi kowa ƙarancin riba.

Dalili kuwa a fili yake. Noman dankali yana cin kuɗi tun kafin shuka: ga iri, ga takin zamani, ga maganin feshi. Manomin da ba shi da ko anini sai ya karɓi bashi a hannun dillali, bisa sharaɗin zai sayar masa da amfanin gona da kaka, lokacin da farashi ya faɗi warwas. Ashe ke nan wahala tasa, riba ta wani.

Ba a rasa ƙoƙarin hukuma ba. Tun 1935 aka yi dokar jam'iyyun gama kai a Nijeriya. A 1973 aka buɗe Bankin Manoma a Kaduna, a 1978 aka ƙara masa aikin kula da jam'iyyun gama kai. A 1977 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun lamuni a hannun Babban Bankin Nijeriya, wanda ke ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na hasarar banki idan manomi ya kasa biya. A 2000 aka haɗe Bankin Manoma da People's Bank da shirin FEAP, a 2010 aka sake masa suna.

To, me ya hana ruwa gudu? Abu biyu ne. Na farko, banki yana neman jingina, alhali kuwa ƙaramin manomi ba shi da takardar mallakar gonar da ya gada. Na biyu, mutane da yawa sun ɗauki rancen gwamnati tamkar kyauta, suka ci suka share baki, asusu ya bushe, na baya suka rasa.

Nan ne amfanin jam'iyyar gama kai yake. Wakilanta sun san juna, sun san gonar kowa da halinsa. Amana ita ce jinginarsu, kamar yadda take a adashi. Wanda ya ƙi biya, maƙwabcinsa ya cuta, kuma da safe za su haɗu. Haka Raiffeisen ya fara da manoman ƙauye a Jamus a 1864, abin ya bunƙasa.

Saboda haka ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su dubi wannan magana da idon basira. Kuɗin da suke aikawa gida kada ya ƙare a biki da suna kaɗai. Wani kashi ya shiga asusun jam'iyya mai rajista, mai littafin lissafi da ake karantawa a gaban kowa, a ba da rance kafin ruwan farko, a biya bayan an sayar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin kunya shi ne ƙin biya. Ranar da manomin Bokkos ya daina noma don rashin jari, ranar ce rumfar ɗan kasuwa a Ikko za ta zama wayam.