RA'AYINMU: Mu Dasa Itace A Inda Muke Zaune

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, to amma al'ummarmu da ke Paris da Lyon ta wuce a kira ta raɓa, domin iyayenmu sun shafe shekaru da dama a nan, mu kuma da yawanmu nan aka haife mu. Abin mamaki shi ne, mutum zai aika kuɗi a dasa masa darbejiya a ƙofar gidansa na Maraɗi ko Katsina, amma gidan da yake kwana kullum babu ko tsiro ɗaya.

Wannan sakaci yana da illa. A shekarar 2003 tsananin zafi ya hallaka kimanin mutum 15,000 a Faransa, galibinsu tsofaffi, sannan ranar 25 ga Yulin 2019 zafin Paris ya kai digiri 42.6. Saboda irin haka ne hukumar birnin ta yi alƙawari a 2020 cewa za ta dasa itatuwa 170,000 zuwa 2026. Bai kamata mu zama 'yan kallo ba.

Shawararmu ita ce a fara da itacen da Faransawa ke kira érable, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada. Sai dai a lura wajen zaɓe, don irin na bakin titi yana girma ya fi ƙarfin gida. Irin na Japan shi ne daidai da mu, tunda ba ya saurin girma, yana kuma rayuwa cikin tukunya a baranda. Mai son ganin danginsa kafin ya saya ya leƙa Jardin des Plantes a Paris ko Parc de la Tête d'Or a Lyon.

Lokacin dashe shi ne watan Oktoba zuwa Nuwamba. A nemi babbar tukunya mai huda a ƙasa, a gauraya ƙasar da ake sayarwa da sunan terre de bruyère da ta shuka, a ajiye inda zai sha hantsi amma ranar azahar da iska mai ƙarfi ba za su same shi ba. Ruwan famfon Paris yana da alli da yawa, itacen kuwa ba ya son sa, don haka ruwan sama ya fi. Idan ganye ya yi ja ya zube da hunturu kada a jefar, bai mutu ba. Mai tafiya gida hutun Agusta kuma ya bar wa maƙwabci amanar ban ruwa.

Masu fili a gida su sani cewa sashe na 671 na dokar zaman jama'a ta Faransa ya tanadi tazarar mita 2 daga iyakar maƙwabci ga itacen da tsawonsa ya wuce mita 2, ko rabin mita ga wanda bai kai ba, sai in garin yana da tasa ƙa'idar. 'Yan haya su tuntuɓi mai gida tukuna.

Muna kira ga ƙungiyoyinmu na matasa da su haɗa kuɗi su kai wa kowane dattijo tukunya ɗaya a kakar bana, su kuma ɗauki nauyin kula da ita. Malamanmu sun sha faɗa mana ladan dasa itace, ba su kuma ce sai a ƙasar haihuwa ba. Allah Ya sa mu dace.