Sa'a Gudan Da Ƙoda Ke Yi A Wajen Jiki

In an yi zancen dashen ƙoda, hankalin jama'a kan tafi ga mutum biyu ne, wato wanda ya bayar da wanda aka dasa wa. Ba safai akan tuna ba cewa tsakanin gadajensu akwai wani ɗan tebur, inda ƙodar kan kwanta cikin tasa, ba jini ba ɗumin jiki, na tsawon sa'a guda ko fiye. A ganina wannan tebur shi ne ya fi cancanta Hukuma ta sa wa ido, domin kusan duk dashen da ake yi a ƙasar nan, tun daga na farko a Asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000 da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, daga jikin mai rai ake cirowa. Ɗan'uwa ne ko ɗa ko mata, lafiyayye, ya yarda aka tsaga shi don wani. In ƙodarsa ta lalace a tasa, ba shi da wata da zai sake bayarwa.

Ga yadda aikin yake. Da zarar likitan fiɗa ya ɗaure jijiyar da ke kai wa ƙoda jini, to, daga nan ta fara yunwar iska, kuma muddin tana da ɗumi lalacewa take yi da sauri. Saboda haka cikin 'yan mintoci akan fito da ita a sa cikin ruwa mai ƙanƙara, a zura ɗan bututu a bakin jijiyar, a ɗura mata wani ruwa na musamman mai sanyi har sai abin da ke fitowa ta ɗaya jijiyar ya yi garau, ba alamar jini. Sanyin, wajen digiri 4 a ma'aunin zafi, shi ke rage aikin ƙwayoyin halittarta ƙwarai, ta yadda ba za su buƙaci iska da yawa ba. Ruwan kuwa shi ke hana su kumbura.

Bayan haka sai aikin hannu. Za a yanke kitsen da ke kewaye da ita, amma a bar wanda ke gindin bututun fitsari, don ta nan ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bututun suke bi. Wanda ya yi zarin shara a wurin nan, bayan kwanaki sai fitsari ya dinga yoyo a cikin majinyaci. Za a duba ko akwai wata 'yar kafa da jini zai tsiyaya, a ɗaure. Har ila yau mutane da yawa Allah ya halicci ƙodarsu da jijiya biyu ko uku maimakon ɗaya, to a kan teburin nan ne ake ɗinke su su zama baki guda, da zaren da ido ke gani da ƙyar. Galibi ƙodar hagu ake ɗauka saboda jijiyarta mai fitar da jini ta fi tsawo. In ta dama ce, wani lokaci sai an yi mata ƙari. Ga masu dashen hanta abin ya fi haka wuya, tun da yanki ake yankowa daga hantar mai rai, kamar yadda Dokta Russell Strong ya yi a Brisbane ta Ostareliya a 1989, inda ya ɗebo daga uwa ya dasa wa ɗanta.

Ruwan nan ma yana da tarihi. Lokacin da Dokta Joseph Murray ya yi dashen farko da ya ci nasara, a birnin Boston na Amurka ranar 23 ga Disamba, 1954, tsakanin wasu tagwaye, babu irin ruwan da ake da shi yanzu, sauri kawai aka dogara da shi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Sai a 1969 Dokta Geoffrey Collins ya fito da haɗinsa, daga baya kuma, cikin shekarun 1980, Dokta Folkert Belzer da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka yi wanda har yau ake amfani da shi a ƙasashe da dama, tare da wani na Jamus.

A 'yan shekarun nan an samu na'urorin da ke riƙe gaɓa da ɗuminta a wajen jiki, suna zagaya mata da jini mai iska har a ga ƙoda tana fitar da fitsari a kan tebur. Farfesa Michael Nicholson ya fara gwada wannan ga majinyaci a Leicester ta Ingila, kuma a 2022 shi da ɗalibansa a Cambridge suka nuna a ɗakin bincike cewa da wani sinadari ana iya sāke rukunin jinin ƙoda ya koma rukunin O. In wannan ya tabbata ga majinyata, mijin da jininsa bai dace da na matarsa ba zai iya ba ta tasa cikin sauƙi.

To, amma kada ƙyalƙyalin na'ura ya ruɗe mu, mu da muka saba sayen injin miliyoyi mu ajiye shi cikin akwatinsa don babu mai sarrafa shi. An fi buƙatar na'urorin nan ga gaɓoɓin da aka ciro daga mamaci, waɗanda kan yi doguwar tafiya, wani lokaci yini da kwana. Ƙodar mai rai kuwa lafiyayya ce, tafiyarta daga ɗaki zuwa ɗaki ce. Abin da take nema shi ne ruwan ajiya da bai wuce wa'adinsa ba, da ƙanƙara mai tsabta, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar ɗinki ba, da ɗakunan fiɗa biyu kusa da juna, sa'an nan uwa uba hannun da ya ƙware. Ba a fafe gora ranar tafiya: ruwan nan daga ƙasashen waje ake sayo shi da kuɗin waje, kuma ba ranar fiɗa ce ranar neman sa ba.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta jihohi, kafin a ba kowane asibiti iznin dashe, a tabbatar yana da waɗannan abubuwa, a kuma tilasta masa rubuta mintocin da kowace ƙoda ta yi a wajen jiki, na ɗumi dabam na sanyi dabam, a riƙa aikawa da su ga Hukuma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, kuma ta yi daidai, sai dai ya kamata a kula da abin da ke samun kyautar bayan an karɓe ta. Kuɗin da ake warewa don kwas a ƙasashen waje, a sa ƙananan likitocin fiɗa da nas-nas na ɗakin tiyata a gaba, su je su yi watanni a bakin wannan tebur, su dawo su koyar da na baya.