Jiragenmu Sun San Hanyar Kwatano, Ba Su San Ta Isa Ba

Tun ranar da Majalisar Dattawa ta sa wa Shugaba Tinubu albarka kan tura sojoji Jamhuriyar Benin, maroƙan Abuja ba su ajiye kalangu ba. Wai Najeriya ta nuna ita ce babbar yaya, wai ta ceci dimokuraɗiyya. Sojojin Laftanar Kanar Pascal Tigri sun bayyana a talabijin suna shelar juyin mulki da safiyar Lahadi 7 ga Disamban 2025, kafin dare jiragen yaƙinmu sun yi ruwan wuta a Kwatano. Madalla. Ashe jiragen suna da mai, matuƙan kuma suna aiki ranar Lahadi. Mu mutanen Turba da Gatawa da Gangara a gabashin Sakkwato mun ɗauka sai an rubuta takarda an jira shekara.

Masu tafin nan ba su san wadda suke yi wa tafi ba. Benin ba marainiya ba ce, 'yar kasuwa ce da ta iya ciniki. Mathieu Kérékou ya ƙwaci mulki a 1972, a 1974 ya ce ƙasar ta rungumi gurguzu, a 1975 ya shafe sunan Dahomey ya liƙa jan tauraro a tuta. Da sojojin hayar Bob Denard suka sauka filin jirgin Kwatano a Janairun 1977, ya yi shekaru yana cin tuwo da zagin 'yan mulkin mallaka. Da baitulmali ya bushe, malamai da ma'aikata suka yi watanni ba albashi, sai ya yi wa gurguzun saki uku a Disamban 1989, ya kira taron ƙasa a 1990, ya miƙa hannu ga Faransa da Bankin Duniya. Ya bar mulki, a 1996 ma sai ga shi ya dawo ta akwatin zaɓe. Aƙida ta zo ta wuce, tashar jiragen ruwan Kwatano tana nan. Ita ce manufar harkokin wajen Benin ta gaskiya: duk wanda zai sa kaya su sauka, shi ne aminin yau.

Patrice Talon, shugaban Benin da sojojin suka so hamɓararwa, bai sauka daga wannan layi ba. Ya bi ECOWAS ya rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Da ya ga manyan motoci sun koma bi ta Lome, ya buɗe nasa ɓangaren, Janar Tiani na Nijar ya ƙi buɗe na Gaya. A Mayun 2024 ya hana lodin man Agadem na Nijar a bakin teku, mutanen Sin masu bututun suka zo suka yi magana, ya sassauta. Faransa ta ba shi bayanan sirri, Sin ta biya kuɗin bututu, Najeriya kuma ta ba da jirage kyauta. Kowa ya kawo nasa, Talon ya ƙirga riba. Ban ga laifinsa ba, ƙasarsa yake yi wa aiki. Namu shugabannin wa suke yi wa?

Za a ce mini ai dimokuraɗiyya aka kare. Wace? Wadda aka yi zaɓen majalisa a 2019 babu jam'iyyar adawa ko ɗaya a takardar ƙuri'a? Wadda ta mayar da wa'adin shugaba shekara 7 ana saura makonni kaɗan sojojin su fito? A bar wannan zance. Wasu kuma za su ce in Benin ta faɗi, wutar za ta iso Legas. To, ga gaskiyar ta fito: Legas ake tsaro. Tamu wutar ta fi shekara biyar tana ci.

A Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamban 2021 an ƙona matafiya da ransu cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya yi makonni a hannun 'yan bindiga, duk ƙasar nan ta kalli bidiyonsa yana roƙon a cece shi, har aka kashe shi a watan Agusta. Majalisa ba ta yi zaman gaggawa ba. Jagoran 'yan bindiga Bello Turji kuwa yana sakin sauti kamar mai gidan rediyo. Manomi a nan sai ya biya haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yanke geronsa. Mai unguwa ke bi gida-gida yana tara kuɗin, a ƙulle a leda a aika daji.

Sa'annan a tambayi kowace mata da ta goya ɗa ta gudu da dare ina ta nufa. Ba Kwatano ba. Gidan Rumji ta nufa, ko Tsibiri, wajen dangi a Nijar. Lokacin da aka katse mana layukan waya a 2021, da layin Nijar muke jin muryar 'yan'uwa. Wannan maƙwabciyar ce Abuja ta yanke wa wutar lantarki a 2023, har tana barazanar kai mata yaƙi. Ba na yi wa sojojin Yamai kirari, su ma suna da nasu zunubin, amma dajin da ɓarayi ke tsallakawa tsakaninmu da Maraɗi yake, kuma ba a tsare shi da gaba.

Tsohon ciwo ne. A Agustan 2019 Buhari ya rufe iyakoki saboda shinkafar da ke kwararowa daga Kwatano. Manyan 'yan fasa-ƙwauri suka sami hanyarsu, aka bar mai buhun gero biyu a kan babur yana rabon kuɗi a kowane shinge, aka hana gidajen mai na bakin iyaka sayar da fetur. Benin ta yi laifi, Bagobiri ya sha bulala. Da Benin ta shiga uku a 2025, aka aika mata jirage da harajin Bagobirin.

Sanatocinmu na Sakkwato su fito su gaya mana abin da suka karɓo wa gabashin jiha kafin su ce "mun amince". In ba su nemi komai ba, su je Kwatano su koyi ciniki.