Fitilar da Ke Kaiwa Asuba

A ƙauyukan Batsari da Safana da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, irin su Yasore, hasken dare magana ce ta tsaro. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun koya wa jama'a darajar iya hango mai tahowa. Da yake wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a karkara, fitilun sola ne suka ɗauki wannan nauyi. Amma duk wanda ya san irin waɗannan fitilu ya san halin da yawansu: su haska ƙwal bayan magariba, su dushe da tsakar dare, su mutu tun kafin kiran assalatu. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan batir, alhali tushen matsalar yana cikin wani ɗan guntun lantarki da bai kai farce girma ba, wanda masana ke kira direba.

Ƙwan LED ba ya jure a haɗa shi da batir kai tsaye, domin ƙarin ƙarfi kaɗan yana iya ninka wutar da ke ratsa shi har ya ƙone. Aikin direba shi ne ya auna masa wuta daidai gwargwado. A fitila mai araha, akan saka ɗan abin rage wuta kawai, sai haske ya riƙa bin ƙarfin batir yana raguwa. Direba na zamani kuwa yana sarrafa haske da lissafi. Hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda ake kira PWM, ita ce kunna ƙwan da kashe shi sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa guda. Ido ba ya ganin ƙyaftawar, matsakaicin hasken kawai yake gani. Idan ƙwan yana kunne a kashi 30 cikin 100 na lokacin, wutar da yake sha ma kusan kashi 30 ce. Direba mai ma'aunin bit 8 yana da matakan haske 256, kuma ana iya tsara masa matakin da zai hau a kowace sa'a.

Ga misali. Fitila mai wat 30 da ta yi awa 12 da cikakken haske tana buƙatar wat-awa 360. Idan aka tsara mata awa 4 na farko da cikakken haske, awa 6 a kan kashi 30, sannan awa 2 na ƙarshe ta dawo cikakke don masu zuwa sallar asuba, buƙatarta ta sauko zuwa 234. An rage fiye da kashi ɗaya bisa uku ba tare da an sauya batir ba. Wannan rarar ce ke ceton fitila a watan Agusta idan hadari ya rufe rana, da lokacin hunturu idan hazo da ƙura suka lulluɓe farantin sola. Wani abin taimako kuma shi ne idon mutum yana sabawa da duhu, don haka hasken da aka rage zuwa kashi 30 ba ya yi masa dishi-dishi kamar yadda adadin ke nunawa.

Za a iya cewa rage haske da tsakar dare kuskure ne a yankin da mahara ke fakewa da duhu. Damuwar tana da hujja, sai dai fitilar da ta ƙarar da batirinta da ƙarfe biyun dare ba ta kare kowa ba. Da babu gara ba daɗi. Haka kuma, direban da aka haɗa da na'urar gane motsi yana mayar da cikakken haske nan take idan wani ya gitta, wanda shi kansa gargaɗi ne ga masu gadi.

Saboda haka, bai kamata takardar kwangilar fitilun sola ta tsaya a kan yawan wat da adadin turaku ba. Ƙaramar hukuma, da Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, da ɗan majalisar da ke kawo aikin mazaɓa, duk ya dace su rubuta jadawalin haske sa'a bayan sa'a, da yawan dararen da fitila za ta iya yi bayan yinin da babu rana sosai, da saurin ƙyaftawarta. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a ɗakin shan magani da wurin karatu, domin ƙyaftawa mai jinkiri tana jawo wa wasu ciwon kai da gajiyar ido. Tun a 2015 cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 1789 a kan haka. Kyamarar waya ma takan tona asirin irin wannan fitila, sai a ga layuka suna gudu a hoton.

Shi kuwa jadawalin, mutanen gari ne suka fi cancanta su tsara shi. Mai unguwa da liman da masu gadi sun san hanyar da ta fi haɗari da sa'ar da aka fi fargaba. Kuma kafin a sa hannu a biya ɗan kwangila, a tura wakili ya duba fitilun da ƙarfe huɗu na asuba.