Kada madobiya ta bi sahun zaitun ɗin Sent Helena

'Yan'uwa, a tsibirin Sent Helena da ke tekun Atlantika an taɓa yin wata bishiya mai fure da ake kira zaitun ɗin Sent Helena. Masu sara da awaki suka cinye dajinta. Ta ƙarshe a daji ta mutu a 1994, wadda aka raina a lambu kuma ta bushe a 2003. Yau babu irinta a ko'ina.

Mu mazauna Fatakwal, Onica da Inugu, wannan labari bai yi mana nisa ba. Madobiya, wadda makiyaya ke sassabo wa shanu ganyenta da rani, an yi ta sare ta a Taraba ana kai katakonta ƙasar Sin, har a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya.

Dora laifin kan 'yan Sin kaɗai ba gaskiya ba ne. Buhunan gawayin da masu tsirenmu da masu shayinmu ke ƙonawa kullum, wa ke tambayar wace bishiya aka kayar?

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su zauna da dillalan gawayi a kan wannan. Wanda zai je gida da damina kuma, ya dasa madobiya ko guda biyu a gonar gidansu.