Filin Noma da Kiwo: Kaza ko Agwagwa?

Jama'a, duk hunturu annoba kan share kajin gida, shi ya sa wasu ke tambayarmu ko su koma kiwon agwagi. To, agwagwa ta fi kaza jure wannan ciwo. Sai dai kwancinta kwana 35 ne, na kaza 21, ga ɓata tsakar gida, uwargida ce kuwa za ta sha shara. A kasuwa ma kaza ta fi ta tafiya.

Mu dai a ganinmu, mai gona a bakin fadama ya fara da toro ɗaya da mata uku, ya raba musu akurki da kaji, domin agwagwa kan ɗauki cutar ba ta nuna ba. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa kuwa, ya haƙura.